Snuka: sanda za a canza ko hannu za a gyara?

Nura Gangare:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure. Kwanan nan samarin teburan snuka na Bauchi Road da Anguwan Rogo a nan Jos ba su da zance sai na baƙar sandar nan ta kabon, wai ita ba ta kuskure. Mutum ya kasa jefa ƙwallon da ke bakin rami, sai ya duba kan sanda ya girgiza kai. To wanda wasansa ya tsaya wuri ɗaya, yau ya ci gobe a cinye shi, ya tara kuɗi ya sayi sanda mai tsada ne, ko akwai abin da zai fara dubawa?

Baba Audu mai gyaran tebur:
Wa alaikumus salam Nura. An bar jaki ana dukan taiki. Kafin kowa ya taɓa aljihunsa ya yi gwaji ɗaya, minti biyar ya ishe shi. Ka ɗora farar ƙwallon, wadda ake bugawa da sanda, a tsakiyar layin da ake bugun farko, babu wata ƙwallo a gabanta. Ka saita tsakiyar kushin, wato robar bangon tebur, na can ƙarshen tebur, ka buge ta a cibiya da matsakaicin ƙarfi, sannan kar ka ɗago, ka bar kan sanda a inda ya tsaya. In bugunka miƙaƙƙe ne za ta je ta dawo ta taɓa kan sandar. Ka yi sau goma kana ƙirgawa.

In kullum ta hannun dama take dawowa, to a dama kake dukanta ba ka sani ba, juyin da ka sa mata ne ya kama kushin ya karkatar da ita. In yau dama gobe hagu, hannun baya ne ke rawa. In kana son ka gani da idonka, ka ajiye farar ka ɗauki ƙwallo mai zane, ka tsayar da zanen a tsaye kamar tayar keke. Bugun cibiya zai sa zanen ya tafi a miƙe, bugun gefe kuwa za ka ga yana layi kamar tayar da aka lanƙwasa wa rim. Wanda bai sami bakwai cikin goma ba, sandar ba ta da laifi tukuna.

Malam Nuhu:
Bari in sa lissafi a kan maganar Baba, don a ga ƙanƙantar abin da ke zubar da wasa. Ƙwallon teburin Amurka faɗinta milimita 57 ne da ɗan ɗori. In farar ta iso ta kauce wa inda ya kamata ta taɓa da milimita 1 kacal, ƙwallon da aka buga za ta karkace da kusan digiri 1. Digiri 1 a tafiyar mita guda ya kai milimita 17. Ke nan kuskuren milimita 2 ya zama santimita 3 da rabi a bakin rami. Ramin kwana na irin wannan tebur bakinsa wajen santimita 11 da rabi ne, in ka cire faɗin ƙwallo abin da ya rage maka a kowane gefe bai cika santimita 3 ba. Milimita 2, kaurin tsinken ashana, ya isa ya sa ta daki leɓen rami ta fito. Ƙananan teburan nan irin na Ingila da suka fi yawa a unguwanni ma ramukansu sun fi matsi.

Sadiq Rikkos:
Malam, lissafinka daidai ne, amma ai shi ne hujjar masu sayen sanda. Tunda kuskuren ƙanƙani ne haka, me zai hana a nemi kayan da ke rage shi? Kamfanonin sanda irin su Predator ba don ado suka yi suna ba. Kuma duk manyan 'yan wasan da muke gani a YouTube, wa ke riƙe da sandar haya?

Malam Nuhu:
Sadiq, sai mu tambayi wane kuskure ne sandar ke ragewa. In ka bugi farar a gefen dama, ba ta bin layin sanda, tana ɗan tsalle zuwa hagu. Nauyin santimita kaɗan na ƙarshen sanda ne ke jawo haka, shi ya sa masu tsadar ake rage musu nauyin gaba, ko a rarake cikin itacen ko a yi su da kabon. Suna rage wannan kaucewar, ba sa kashe ta. Abin nan kuwa yana amfanar wanda ya sa juyin gefe da gangan, ya san nawa ya sa. Wanda sandarsa ke shigowa a karkace saboda gwiwar hannunsa ta buɗe, farar za ta bi inda sandar ta nuna ko da ta zinariya ce.

Baba Audu mai gyaran tebur:
Kuma ka duba tarihi, yaro. Stephen Hendry ya ci gasar duniya ta snuka sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sandar da aka saya fam 40 tun yana yaro. Willie Mosconi a 1954 ya jefa ƙwallo 526 a jere ba kuskure a garin Springfield na jihar Ohio, da sandar itace, lokacin ba a ma yi mafarkin kabon ba.

Sadiq Rikkos:
Baba, da girmanka, amma ka tsaya a rabin labari. Wannan sandar ta Hendry ta karye a hannun masu lodin kayan jirgi a 2003, kuma daga nan bai sake ɗaukar kofin duniya ba. Ashe sanda na da tasiri.

Baba Audu mai gyaran tebur:
Madalla, ka ƙarasa mini hujjata. Mutumin da ke da kuɗin sayen kowace sanda a duniya bai sami madadin ta fam 40 ba. Sabon da ya yi da ita ya rasa. Hannunsa ya san nauyinta, ya san yadda take kautar da farar. Darasin da ke ciki shi ne ka riƙe sanda ɗaya ka daɗe da ita. Mai canza sanda duk wata uku kullum baƙo ne a wasansa. Kuma kofinsa na ƙarshe a 1999 ya ci, shekara huɗu kafin ta karye, matasa irin su O'Sullivan sun riga sun taso.

Nura Gangare:
To Baba, an yi gwajin an faɗi. Daga ina gyara ke farawa?

Kabiru Dilimi:
Bari in amsa wannan, Baba ya gyara mini in na kauce. Daga ƙafa ake farawa, ba daga hannu ba. Zan yi maganar mai bugu da dama, bahago ya juya.

Tun kana tsaye za ka gama saiti. Ka tsaya bayan farar, ka ga layin da za ta bi, ka ɗora ƙafar dama a kan wannan layin. Ƙafar hagu ta yi gaba ta ɗan buɗe gefe kamar faɗin kafaɗa. Sannan ka sauko a kan layin, sanda na ƙarƙashin haɓa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya duƙa tukuna sannan ya fara neman saiti yana murɗa jiki. In ka duƙa ka ga ba daidai ba ne, tashi ka sake, ba wanda zai caje ka kuɗin tashi.

Hannun gaba ya kafu a kan ƙyalle, yatsu a baje, tafin hannu a ƙasa, babban yatsa ya matse da manuni su yi kwarin da sanda za ta bi. Tsakanin wannan kwarin da farar kamar santimita 20, ƙari ko ragi kaɗan. In ya yi tsawo, ɗan motsin baya zai zama babba a gaba. In ya yi gajere, ba ka da filin ja, sai ka koma tsikara.

Hannun baya kuma, lokacin da kan sanda ya kusa taɓa farar, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya sauko a tsaye cak. In ka riƙe can baya da yawa ko gaba da yawa, kan sanda zai riƙa sama da ƙasa. Riƙon kuwa sako-sako, kamar ka riƙe ɗanyen ƙwai. Gwiwa ce kaɗai ke aiki, kafaɗa ba ruwanta. Ja baya a hankali, ɗan tsaya, sannan ka tura sandar ta wuce inda farar take da santimita 10 zuwa 15. Ka zauna a duƙe har ƙwallo ta gama tafiyarta.

Sadiq Rikkos:
Wannan tsayawar a baya ban yarda dole ce ba. Akwai ƙwararru da yawa, musamman 'yan Filifin, da hannunsu ba ya tsayawa, kuma ba a cin su.

Kabiru Dilimi:
Gaskiya ne, ba farilla ba ce. Amma waɗannan tun suna ƙanana suke kwana a kan tebur. Ga mai gyaran hannu, amfanin tsayawar biyu ne. Tana hana fizge, wato ja da sauri da turawa da sauri, wanda ke sa yatsu su damƙe sandar ta karkace. Kuma tana ba ido lokacin barin farar ya koma kan ƙwallon da za a buga, domin can ya kamata ido ya kasance lokacin da sanda ta tashi. Rabin daƙiƙa ya wadatar.

Malam Nuhu:
Ƙari a kan maganar bin sanda. Kan sanda da farar ba sa haɗuwa fiye da kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Duk abin da ka yi bayan nan farar ba ta sani ba. Dalilin da ya sa ake cewa ka bi ta shi ne wanda ya yi niyyar tsayawa a kan ƙwallo tun kafin ya iso ya fara taka birki, wanda ya yi niyyar ɗagowa kuma tun kafin bugu kafaɗarsa ta motsa. Haka nan masu murɗa wuyan hannu wai suna ƙara juyi, wahalar banza ce. Juyi daga inda kan sanda ya taɓa da saurin sandar yake fitowa.

Kabiru Dilimi:
Kuma a daina dogara da yadda jiki ke ji, jiki maƙaryaci ne a nan. A jingina waya a kan kujera daidai bayan gwiwar hannu a ɗauki bidiyon bugu goma, sannan a ɗauka daga gaba. Mutum zai rantse hannunsa a miƙe yake sai ya ga kansa. Akwai kuma tsohon gwajin kwalba: ka kwantar da busasshiyar kwalbar lemo a kan tebur, ka riƙa shigar da kan sanda cikin bakinta kana fitarwa ba tare da ya taɓa gilashin ba. A gida ma ana yi, a kan teburin cin abinci.

Ɗanjuma Bukuru:
Ni inda nake ganin ana asarar wasa ba wajen jefawa ba ne kaɗai. Yaro zai jefa huɗu masu kyau, ta biyar ya tarar farar ta maƙale a bayan ƙwallon abokin wasa, ko ta bi ta faɗa rami. Ya ce rashin sa'a. Alhali inda farar za ta je sananne ne tun kafin a buga.

Bugun farko da za a koya shi ne na tsayar da farar. Ka jera ta da wata ƙwallo a miƙe zuwa rami, tazarar santimita 30, ka buga cibiya da ɗan kauri. Ta tsaya cak a inda ta daki 'yar uwarta. In ta yi biyar a jere, ƙara tazarar da tsawon tafin hannu. Za ka lura da nisa ya ƙaru dole ka sauko ƙasa da cibiya, ka ƙara ƙarfi, domin ƙyalle na cinye juyin baya a hanya. Abin da ake so shi ne ta iso tana zamewa, ba ta birgima gaba ba ta juya baya.

Wanda ya mallaki wannan ya sami mabuɗi. In farar ta iso tana zamewa ta daki ƙwallo a gefe, hanyoyinsu biyu za su rabu kamar kusurwar bulo, digiri 90. Ka ɗora hannu ka buɗe babban yatsa da manuni, manuni ya nuna rami, babban yatsa zai nuna maka inda farar za ta. In akwai rami a can, ka san za ka zubar da ita. In kuwa birgima take yi, kuma ta ɗauki tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na ƙwallon, za ta kauce daga layinta na asali da wajen digiri 30, kimanin buɗewar manuni da ɗan tsakiya in ka ware su sosai. Da waɗannan biyun kaɗai za ka san makomar farar a mafi yawan bugu, ba ka taɓa gefenta ba.

Nura Gangare:
Yaya Ɗanjuma, a teburan unguwa wannan digiri 90 ba ya fita daidai. Farar kamar tana ɗan ja baya ko ba a sa mata ba.

Ɗanjuma Bukuru:
Ka lura da kyau. A saitin Ingila farar ta fi sauran ƙanƙanta, ita inci 1 da bakwai cikin takwas, su inci 2, don ta sami hanyar fitowa daban a tebur mai kwabo, wanda sai an jefa kuɗi yake sakin ƙwallaye. Tunda ba ta kai su nauyi ba, tana ɗan dawowa in ta daki ƙwallo, ja da baya na da sauƙi, bin gaba na da wuya. Wasu tsofaffin teburan Amurka masu kwabo kuma akasin haka ne, farar ta fi girma, sai ka sha wahala kafin ta ja baya. Wani wurin ma saitin gauraye ne, an ɓatar da ɗaya an cike da ta wani. Kafin wasa ka jera farar da wata ƙwallo ka dube su ta gefe, ka san da wa kake hulɗa.

Malam Nuhu:
Game da ja da baya, wanda yara ke kira sukuru. Iyakar inda fatar kan sanda ke kama farar shi ne rabin tazarar da ke tsakanin cibiya da gefe, kusan milimita 14 a babbar ƙwallo. A yawancin ƙwallaye masu zane, bakin zanen na nan daidai wannan iyaka, sai a yi atisaye da ita a duba tabon alli bayan kowane bugu. Mafi yawan masu cewa sandarsu ba ta ja za su tarar tabon na kusa da cibiya: sun saita ƙasa, da suka zo bugu suka damƙe, kan sanda ya tashi. Maganinsa a sauke hannun gaba gaba ɗaya, a bar sanda a kwance. Ɗaga gindin sanda sama na sa farar ta yi tsalle, in akwai ɗan gefe a ciki kuma ta yi baka.

Baba Audu mai gyaran tebur:
Kar a ce mun ce kaya ba su da muhimmanci. Akwai abin da dole ya zama lafiya, sai dai ba shi ne mai tsadar ba. Fatar kan sanda ita kaɗai ke taɓa ƙwallo. In ta yi sulɓi tana ƙyalli, alli ba zai zauna ba, a ɗan karce ta da samfefa. In ta baje ta yi lema ta wuce zoben da ke riƙe da ita, a gyare gefen. A yi mata ɗan tudu kamar bayan cokali, kar a bar ta a shafe. In ta cinye har gefenta bai fi milimita 1 ba, a cire a manna sabuwa, Elk Master ko makamanciyarta ta isa. Fatun da ake ɗaurawa da murɗi, masu zuwa da sandunan haya, su ne suka fi ba da matsala, suna kwancewa suna girgiɗi.

Alli kuma shafa shi ake yi a kan fata kamar mai shafa kwalli, ba a huda shi kamar mai murza goro a magogi. Allin da ya yi rami mai zurfi zoben yake shafa, fatar na nan fayau. Kuma allin makaranta ba ya wannan aiki, na snuka akwai gari mai kaushi a cikinsa. Allin Master na talaka ya wadatar in ana sawa kafin duk bugun da ya bar cibiya.

Sanda a mirgina ta a kan tebur, in kanta na tsalle ta lanƙwashe. Abin da ke lanƙwasa ta sananne ne: jingina a bango, bayan mota cikin rana, da sauyin iskar garin nan, daga laimar Agusta zuwa bushewar Disamba. A ajiye ta a kwance ko a rataye a tsaye. In ta yi danƙo a goge da ɗan tsumma mai laima a bi da busasshe nan take, kar a sa mata samfefa, ana cinye itacen ne. Hoda kuma a rage, rabinta a ƙyalle take ƙarewa.

Ɗanjuma Bukuru:
Baba ya taɓo ƙura, bari in ƙarasa. In ƙwallaye biyu suka haɗu a gefe, farar na ɗan jan ɗayar zuwa inda ita ta nufa. A bugu mai sanyi, wajen rabin ƙwallo, abin na iya kai wa digiri uku ko huɗu, kuma datti na ƙara shi. Shi ya sa lokacin hunturu, da ƙura ta kwanta a kan komai, za ka ga yankan, wato dukan ƙwallo a gefe, da aka saita daidai yana zuwa da kauri yana dukan leɓe. A goge ƙwallaye da tsumma kafin wasa, a goge tabon alli a jikin farar, a bugu mai sanyi kuma a ɗan ƙara sirantar yankan. Da damina ƙyalle na shan laima, tebur ya yi nauyi, ja da baya ya mutu da wuri. Minti biyu na farko a tura farar ta je ƙarshen tebur ta dawo sau uku ko huɗu, hannu ya ɗauki saurin teburin na ranar.

Sadiq Rikkos:
To na sauko rabi. Amma ku faɗi gaskiya, yaushe mutum ya cancanci sayen tasa?

Kabiru Dilimi:
Tasa ta kansa, tun yau in yana da hali, saboda sabon da Baba ya faɗa. Miƙaƙƙiya, tsawon wajen inci 57, mai fatar da ta dace da teburin da yake wasa: milimita 8 zuwa 9 da rabi ga ƙananan ƙwallaye, 12 zuwa 13 ga na Amurka. Kuskure ne a sayi mai kaurin kai a zo da ita kan ƙaramar fara, ba ka ma ganin inda kake taɓawa. Mai tsadar kuwa sai ranar da yake tsayar da farar daga rabin tebur takwas cikin goma, kuma ya fara sa gefe da niyya. Kuma kar a saye ta ana gobe gasa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗanjuma Bukuru:
Ga atisayen da zai cinye sa'a guda ba a ji ba. Watsa ƙwallo uku a tebur, ɗora farar inda kake so, amma kafin ka buga ka faɗi da baki wacce ce ta farko, ta biyu, ta uku, da ramin kowacce. Daga ta ƙarshe ake tsarawa a dawo baya, kamar yadda a wasa ake fara tunanin baƙar ƙwallo ta ƙarshe da ƙwallon da za ta kai ka gare ta. In ka share ukun sau bakwai cikin goma yadda ka faɗa, ƙara ta huɗu. In ka jefa amma ba bisa tsarin da ka faɗa ba, ba a ƙirga ta. A rubuta sakamakon a waya, domin ƙwaƙwalwa bugun da ya yi kyau kaɗai take riƙewa.

Nura Gangare:
Matsalar ita ce masu tebur ba sa son mutum ɗaya ya riƙe tebur yana atisaye, ga layi na jira.

Baba Audu mai gyaran tebur:
Da yamma ne layi. Ka je da hantsi ko bayan azahar, lokacin tebur na zaman banza, ka yi ciniki da mai shi a kan sa'a maimakon wasa-wasa, zai yarda. Amma kafin ka fara gwajin farko ka tura ƙwallo a hankali daga kowace kusurwa ka ga ko tana gangarawa gefe ɗaya. Yawancin teburan unguwa na katako ne, ba na dutse ba, kuma a kan daɓen da bai daidaita ba suke. In tana gangarawa, a ninka kwali a cusa ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa, a sake turawa har ta tafi a miƙe. In tsakiyar katakon ne ya lotsa, kwali ba zai yi magani ba, sai ka yi gwajin da ɗan ƙarfi ko ka nemi wani teburin.